Daga “Kabari Kusa” Zuwa Ƙwaya Ɗaya a Rana: Tarihin Maganin Ƙanjamau da Rawar da Malaman Addini Suka Taka

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000, a zangunan Gana yake ko a unguwannin Hausawa na Kamaru da Kodebuwa, zai iya tuna sunayen da aka laƙaba wa wannan cuta. Mazauna ƙasashen da ake Faransanci suka ce sida. Gidajen rediyon Hausa suka ce ƙanjamau, saboda yadda take ƙanjame mutum har ya koma ƙashi da fata. A bakin ’yan zaman majalisa kuwa sunanta kabari kusa. A wancan zamani sunan bai yi ƙarya ba, domin wanda likita ya shaida masa yana ɗauke da ita, abin da ya rage masa shi ne jiran lokaci. A yau kuwa mai ɗauke da ƙwayar cutar yana haɗiyar ƙwayar magani ɗaya a rana, ya ci gaba da kasuwancinsa, ya yi aure, ya haifi ’ya’ya lafiyayyu, ya tsufa cikin jikokinsa. Wannan sauyi ya samu ne ta hannun ɓangarori biyu: masu bincike da suka samar da maganin, da shugabannin addini da suka sa jama’a suka yarda su je su karɓe shi. Mai karatu zai ga cewa babban kaso na wannan tarihi a nan ƙasashen da muke zaune aka yi shi, a Dakar da Abijan da Yawunde da Duwala da ƙasar Kurobo ta Gana.

Duniya ta fara samun labarin cutar a rubuce ranar 5 ga Yuni 1981, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar a birnin Los Anjalas da suka kamu da wani irin ciwon huhu wanda ba ya kama mai cikakkiyar garkuwar jiki. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur da ke Paris, ƙarƙashin Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka ware ƙwayar cutar da daga baya aka sa wa suna HIV. A 1985 aka samu hanyar gwajin jini. A wannan shekarar ce kuma Farfesa Souleymane Mboup na Dakar da abokan aikinsa suka ga alamun wani nau’i na biyu na ƙwayar a jinin wasu mata ’yan Senegal, wanda aka sani yanzu da HIV-2, kuma ya fi yawa a Afirka ta Yamma. Tun daga farkon lamarin ke nan akwai hannun masanan yankinmu a cikin binciken.

Abin da binciken ya bayyana shi ne ƙwayar tana kai hari kan wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun da ke tsare jiki. Tana iya shafe shekara takwas ko goma tana cin su a ɓoye, mutum yana yawo garau, har ranar da garkuwar za ta karye, tarin fuka da gudawa da sauran cututtuka su samu ƙofa. Hanyoyin yaɗuwarta kuma sanannu ne: saduwa, da jini ta hanyar ƙarin jini ko allura ko askar da ba a tsaftace ba, sai kuma daga uwa zuwa jariri a lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ba a ɗaukarta ta musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko buta, ko tsayuwa a sahu ɗaya, ko cizon sauro.

Wannan ilimi ya daɗe bai iso majalisun jama’a ba. Abin da ya riga shi isowa shi ne tsoro. A masallatai da majami’u da dama na nahiyar nan, bayanin farko da aka ji daga kan mumbari shi ne cutar azaba ce da aka saukar wa mazinata. Masu wannan magana suna nufin tsoratar da matasa ne daga alfasha, amma nauyinta ya faɗa a kan waɗanda ba su ji ba su gani ba: matar aure da ta samu cutar a ɗakinta, jaririn da ya sha ta a nono, majinyacin da aka yi wa ƙarin jini. Tunda cutar ta zama shaidar laifi a idon jama’a, babu mai son zuwa gwaji, domin sakamakon gwajin ba ya kawo magani, tozarci kawai yake kawowa. A ƙananan al’ummu irin namu, inda kowa ya san asalin kowa kuma labari ke zagaye zango kafin la’asar, wannan tsoro ya fi tsanani. Sai aka riƙa cewa sammu ne, ko iska, ko daɗaɗɗen shawara, har a kai mutum makwancinsa ba a ambaci sunan ciwonsa ba.

A ɓangaren magani, matakin farko shi ne AZT, wanda Amurka ta amince da shi a watan Maris 1987. Yana jinkirta cutar na ɗan lokaci, daga nan sai ƙwayar ta sauya kama ta daina jin sa. A 1994 wani gwaji ya nuna idan aka ba mai ciki AZT, sannan aka ba jaririnta, haɗarin yaɗuwa yana sauka daga kusan kashi 25 cikin ɗari zuwa kusan kashi 8. Babban juyi ya zo a 1996, a taron duniya kan ƙanjamau da aka yi a birnin Bankuba na Kanada, inda aka bayyana cewa haɗa magunguna uku a lokaci guda yana danne ƙwayar har na’urar gwaji ta kasa ganinta a jini. Dalilin haɗin mai sauƙin fahimta ne: ƙwayar na iya kauce wa magani ɗaya, amma da wuya ta kauce wa uku tare. Marasa lafiya a Turai da Amurka suka fara tashi daga gadon mutuwa. Sai dai kuɗin maganin mutum ɗaya a shekara ya kai dala 10,000 ko fiye. Ga ɗan Afirka, an samu magani amma yana can saman rimi.

A tsakanin waɗannan shekaru na rashin magani ne wasu shugabannin addini suka ɗauki wata hanya dabam, kuma Senegal ce misalin da ya fi kusa da mu. An ga masu cutar na farko a ƙasar a 1986, a shekarar kuma gwamnati ta kafa kwamitin yaƙi da ita. Likitocin kwamitin sun san cewa a ƙasar da mafi yawan mutanenta Musulmi ne masu biyayya ga shehunan ɗariƙu, saƙon da bai bi ta hannun malamai ba ba zai yi nisa ba. Ƙungiyar Musulunci ta Jamra, wadda Abdou Latif Guèye ya kafa, ta fara aiki da su tun ƙarshen shekarun 1980, tana shiga wurin limamai da shehunai da bayanin cutar. A watan Maris 1995 aka tara manyan malaman Musulunci kimanin 260 a taro kan ƙanjamau, a farkon 1996 kuma aka yi irinsa da shugabannin Kirista. An raba aiki a tsakani. Malamai suka ɗauki wa’azi kan kamun kai da riƙon amanar aure da tausaya wa majinyaci, likitoci suka ɗauki bayanin kwaroron roba da gwaji, kuma kowane ɓangare ya daina tsinewa aikin ɗayan. Ba a ce sun yarda da juna a kan komai ba, amma sun yarda cewa mai ciwo ba abin jifa ba ne. A 1998 Senegal ta ƙaddamar da shirin gwamnati na ba da magungunan nan uku, a lokacin da masana da yawa a Turai ke cewa ba za a iya tafiyar da irin wannan magani a Afirka ba, a ƙarshen 2003 kuma ta mayar da shi kyauta. Har yau masu ɗauke da ƙwayar a cikin manyan ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Akwai wasu dalilai da suka taimaka, kamar kaciyar maza da ta game ƙasar da sa ido a kan lafiyar mata masu zaman kansu, amma masu nazarin lamarin sun haɗu a kan cewa shigowar malamai da wuri na cikin manyan dalilan.

Misali na biyu daga Yuganda yake, kuma ya shafe mu ta wata fuska, domin Musulmin can tsiraru ne kamar yadda muke a wuraren zamanmu. A 1989 Muftin ƙasar ya yi shelar jihadi a kan ƙanjamau. Ƙungiyar likitoci Musulmi ta Yuganda ta ɗauki wannan shela ta mayar da ita aiki. Daga 1992 ta fara horar da limamai da mataimakansu, maza da mata, kan yadda cutar ke yaɗuwa da yadda ake kula da mai ita, har adadin waɗanda aka horar ya haura 8,000 a ɗaruruwan masallatai. An ba limamai kekuna don su bi gida gida, su zauna da iyali su yi magana a kan abin da ba a saba faɗa ba: auren matar mamaci ba tare da gwaji ba, aska ɗaya ga yara da yawa a wajen kaciya, da yadda za a yi wankan gawa cikin kiyayewa ba tare da ƙyamar mamacin ba. Batun kwaroron roba an ajiye shi a shekarar farko saboda malamai ba su aminta ba, daga baya aka shigo da shi bayan doguwar tattaunawa. A 2001 aka yi taron farko na shugabannin Musulmi na duniya kan ƙanjamau a Kamfala. A ɓangaren Kirista kuma, a 1992 wani limamin cocin Angalika mai suna Gideon Byamugisha ya fito fili ya ce yana ɗauke da ƙwayar, shi ne shugaban addini na farko a Afirka da ya yi haka. Maganarsa ta rusa zaton cewa cutar ta mutanen banza ce.

Yayin da malamai ke wannan aiki, asibitocin Afirka ta Yamma suna neman abin da talaka zai iya samu. A 1999 aka wallafa sakamakon gwaje-gwaje biyu da aka yi a Abijan, waɗanda suka nuna cewa wani magani mai arha da kowa ya sani, wanda ake sayarwa da sunan Septrin ko Bactrim, idan mai ɗauke da ƙwayar yana shansa kullum yana rage masa munanan cututtuka, a cikin masu tarin fuka kuma yana rage mace-mace. Shekara ɗaya bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a Afirka. A 1999 ɗin dai, bincike a Abijan da Bobo Julaso ya tabbatar da cewa ba mai ciki AZT na ’yan makonni kafin haihuwa yana rage kamuwar jarirai ko da uwa tana shayarwa, wani binciken a Kamfala kuma ya nuna kashi ɗaya na maganin nebirafin ga uwa da kashi ɗaya ga jariri yana rage haɗarin da kusan rabi.

Shingen kuɗi ya fara faɗuwa a watan Fabrairu 2001, lokacin da kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya yi tayin sayar da magungunan uku a kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A watan Afrilu na shekarar shugabannin Afirka suka taru a Abuja, inda suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, inda kuma Kofi Annan, ɗan Kumasi, ya yi kira a kafa asusun duniya don yaƙi da cutar. Asusun ya fara aiki a 2002. A 2003 Amurka ta kafa shirin PEPFAR da dala biliyan 15 na shekara biyar. Amma an ci gaba da shakkar ko maganin Indiya mai arha, wanda aka cure uku a ƙwaya ɗaya, yana da inganci. Amsar ta fito daga Yawunde. An gwada shi a kan majinyata 60 a asibitoci biyu na birnin, sakamakon da aka wallafa a 2004 kuma ya nuna cewa bayan wata shida, kashi 80 cikin ɗari na majinyatan ba a iya ganin ƙwayar a jininsu. Waɗannan mutum sittin sun taimaka wajen buɗe wa miliyoyi ƙofa. A watan Mayu 2007 Kamaru ta mayar da maganin kyauta.

A Gana hanyoyin biyu sun haɗu a fili. An ga masu cutar na farko a 1986, yankin Manya Kurobo kuma na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna. A ƙarshen 2002 shugabannin Kirista da na Musulmi suka tsaya tare suka ƙaddamar da gangamin nuna tausayi ga masu ɗauke da ƙwayar, aka horar da limamai da fastoci da shugabannin mata, aka ji muryoyinsu a rediyo da talabijin. A 2003 aka fara ba da maganin a ƙarƙashin shirin ƙasa, kuma wurare biyu na farko su ne asibitin gwamnati na Atua da asibitin Katolika na St. Martin de Porres da ke Agomanya. Asibitin mishan ya shiga sahun farko ne saboda ya riga ya shafe shekaru yana jinyar waɗannan marasa lafiya tun babu abin ba su sai kulawa, jama’a kuma sun saba da ƙofarsa.

Tarihin yana da tabonsa a ɓangarorin biyu, kuma faɗin su wajibi ne. A 2004 aka fara wani gwaji a Duwala da Tema da wani birni a Najeriya, don a ga ko maganin tenofobir zai iya kare wanda bai kamu ba. A Duwala mata 400 aka ɗauka. Masu fafutuka suka yi ƙorafin cewa ba a yi wa matan cikakken bayani da harshen da suke ji ba, kuma ba a tanadi isasshiyar kulawa ga wadda za ta kamu a lokacin gwajin ba. A watan Fabrairu 2005 gwamnatin Kamaru ta dakatar da shi, na Najeriya ma aka rufe shi ba da jimawa ba, na Gana ne kaɗai ya kai ƙarshe. Daga baya wasu gwaje-gwajen suka tabbatar da cewa dabarar tana aiki, har Amurka ta amince da ita a 2012. Tunanin masu binciken daidai ne, amma sun rasa amincewar jama’a, aka yi asarar shekaru. Bayan wannan ne aka tsara ƙa’idojin da suka wajabta tuntuɓar al’umma kafin a fara irin wannan gwaji da kuma lokacin da ake yin sa.

Tabon ɗaya ɓangaren ya fi muni. A watan Janairu 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyayyaki da addu’o’i. An nuna shi a talabijin da carbi da Alƙur’ani a hannu yana shafa wa majinyata magani, aka kuma umarce su da su daina shan maganin asibiti. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakku an kore ta daga ƙasar. Bayan faɗuwar mulkinsa, uku daga cikin waɗanda suka tsira suka shigar da ƙara a 2018, hukumar binciken gaskiya ta ƙasar kuma ta saurari shaidu kan waɗanda suka rasu a wannan shiri. Ba shi kaɗai ba ne. A ƙasashe da dama an samu masu wa’azi da masu maganin gargajiya da suka ce wa majinyaci ya zubar da ƙwayoyinsa don ya nuna ƙarfin imaninsa. Abin da ke faruwa a jiki sananne ne: cikin ’yan makonni ƙwayar cutar ke dawowa cikin jini, wani lokaci kuma ta dawo ba ta jin maganin da ta ji a da. Malamai na ƙwarai, Musulmi da Kirista, sun yi ta bayyana cewa neman magani ba ya cin karo da tawakkali, addu’a da ƙwaya tare suke tafiya.

Wata tambaya da ta dami Musulmi musamman ita ce ta azumi. A shekarun farko ana shan maganin sau biyu a rana, a kan lokaci tsayayye. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano sun bi diddigin majinyatansu a watan Ramadan, suka wallafa a 2009 cewa masu azumi suna mayar da shan maganin zuwa sahur da bayan shan ruwa, kuma riƙonsu da maganin bai ragu ba. Zuwan ƙwaya ɗaya a rana ya ƙara sauƙaƙa al’amarin. Duk da haka, wanda jikinsa ya yi rauni ko yake haɗa maganin da na tarin fuka, likitansa ne zai ba shi shawara, shari’a kuma ta riga ta yi wa mara lafiya rangwame.

Binciken shekarun baya-bayan nan ya kawo abubuwa uku da ya kamata kowane gida ya sani. Na farko, a 2011 wani gwaji da ya ƙunshi ma’aurata 1,763, waɗanda ɗaya ke ɗauke da ƙwayar ɗaya ba ya ɗauke da ita, ya nuna fara magani da wuri yana rage yaɗuwa tsakaninsu da kashi 96 cikin ɗari. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa wanda maganinsa ya danne ƙwayar har ba a ganinta a gwaji, kuma ya dore a haka, ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa. Na biyu, a 2015 gwajin Temprano da aka yi a Abijan da mutum 2,056 ya nuna fara magani tun kafin garkuwa ta yi ƙasa yana rage munanan cututtuka da kashi 44 cikin ɗari. Wannan sakamako, tare da na wani gwajin ƙasa da ƙasa, ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a watan Satumba na shekarar a fara ba kowa magani da zarar gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar. Na uku, gwajin da aka yi da mutum 613 a asibitoci uku na Yawunde na cikin hujjojin da suka sa hukumar ta fifita maganin dolutegirabir a 2019, wanda ƙwayar cutar ba ta saurin bijire masa. Shi ne ke cikin ƙwaya ɗayar da mafi yawan majinyata ke sha yanzu a ƙasashenmu, kuma kuɗinta na shekara ya sauka ƙasa da dala 50. A 2024 kuma aka gwada wata allurar kariya da ake yi sau biyu a shekara a kan ’yan mata da matasan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda, ba a samu ko ɗaya da ta kamu ba a cikin waɗanda aka yi wa.

Har yanzu babu maganin da ke fitar da ƙwayar daga jiki gaba ɗaya. Mutane ƙalilan da suka rabu da ita sun samu haka ne ta hanyar dashen ɓargo da aka yi musu saboda cutar kansa, aiki mai haɗari da ba a yi wa mai lafiya. Duk wanda ya tsaya a tasha ko a kasuwa, ko ya aiko da saƙo ta waya, yana cewa yana da maganin warkewa cikin mako biyu, to aljihun majinyaci yake nema.

Alƙaluman hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da cutar sun nuna cewa a 2023 mutum kusan miliyan 40 ke ɗauke da ƙwayar a duniya, fiye da miliyan 30 daga cikinsu suna kan magani. Mace-macen da suka kai kusan miliyan biyu a 2004 sun sauko zuwa kimanin 630,000. Amma yankinmu na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yana baya a wuri mafi ciwo, domin yaran da ke ɗauke da ƙwayar waɗanda ke samun magani ba su kai rabi ba. Yaro ba ya kai kansa asibiti. Uwarsa ce za ta kai shi, ita kuma ba za ta je ba matuƙar tana tsoron ranar da miji ko uwar miji ko kishiya za su ga kwalbar magani a ƙarƙashin katifarta. Ga shi kuma tun farkon 2025 tallafin Amurka, wanda shirye-shirye da yawa suka dogara da shi, ya shiga tangal-tangal, abin da ke nufin nauyi zai ƙara dawowa kan gwamnatocinmu da al’ummominmu.

A nan ne tarihin ya iso ƙofar gidanmu. Mu mutanen zango matafiya ne tun kaka da kakanni: fatake, direbobin manyan motoci, dillalan shanu da na goro da na albasa, masu aure a wannan ƙasa da dangi a waccan. Sanarwar ma’aikatun lafiya takan zo da Turanci ko Faransanci ko harshen masu ƙasa, ba kasafai take zuwa da Hausa ba. Wanda ke magana da harshenmu sau biyar a rana, wanda ke ɗaura aure, ya raɗa suna, ya sallaci gawa, shi ne liman. Malamar Islamiyya kuma tana jin abin da mata ba sa faɗa wa kowa. A hannun waɗannan mutane amincewar jama’a take, ita ce kuma abin da likitocin Dakar suka nema suka samu, masu binciken Duwala suka rasa.

Gwaji kafin aure misali ne na yadda wannan amana ke iya gyarawa ko ɓatawa. Masallatai da majami’u da yawa suna neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, Jihar Kano ma ta mayar da shi doka a 2024. Abu ne mai amfani idan sakamakon ya tsaya tsakanin masu neman auren da likita, aka kuma yi musu bayanin abin da ilimi ya kai a yau, suka yanke shawara da saninsu. Idan kuwa takardar ta zama abin karantawa a zauren waliyyai, ta zama sanadin fallasa yarinya a unguwa, to za a koma sayen takardun bogi, a kuma guji asibiti kamar yadda aka guje shi shekaru talatin da suka wuce. Rufin asiri a wannan fage wani ɓangare ne na magani.

Abin da ake buƙata daga mumbari a yau bai kai nauyin abin da limaman Yuganda suka ɗauka a kan kekuna ba, a lokacin da ba su da ko ƙwaya ɗaya da za su nuna wa majinyaci. A faɗa wa jama’a cewa a yi gwaji, mai ciki ta je awo tun da wuri, wanzami ya yi amfani da sabuwar reza ga kowane kai da kowane yaro, wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi ko don wani ya ce an yi masa addu’a ya warke. A kuma faɗa cewa mai ɗauke da ƙwayar ɗan’uwa ne, a ci da shi, a yi salla kafaɗa da kafaɗa da shi, a yi ciniki da shi, kada a bincike shi ta inda ya samu.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tun maganin bai iso ba, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya da haƙurin shan magani, Ya saka wa likitoci da malaman da suka tsaya musu da alheri.